Ci Aka Ba Ki, Ba Itace Ba

Ni da ɗorawa mun san juna tun ban iya ɗaura ɗankwali ba. A Kazage aka haife ni, a can na fara tsotsar garinta har leɓena ya rine. Amma ban san ɗorawa dukiya ce ba sai da aka kai ni gidan miji, wani ƙauye can bayan Gwaska, inda in damina ta zauna mota ba ta shiga, sai dai mutum ya tattare zane ya ratsa rafi da ƙafa.

Ko lallen amarci bai gama fita a hannuna ba uwar mijina ta ce in ɗauko kwando in biyo ta. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, ba ta waiwaye. Muka isa gonar gidan, ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta ce, "Yarinya, kin ga ƙasar nan? Ta maza ce. Dawarsu ce, masararsu ce, ba ruwanki. Yanzu ɗaga kanki." Na ɗaga. Ɗorawa huɗu ne a gonar: ɗaya a bakin rafi, tagwaye biyu a tsakiya da rassansu suka sarƙe da juna, sai wata tsohuwa a kan iyaka. Ta dafa kowace da tafin hannu kamar mai gaida mutum, sannan ta ce, "Abin da ke sama namu ne. Uwar mijina ta ba ni ci, ni ma na ba ki ci."

Ci, haka muke cewa. Ba a cewa mace ta mallaki ɗorawa, cewa ake tana cin ta. Duk abin da itacen ya haifa nata ne, ba mai sa ƙugiya a reshensa sai da izninta, ko da mijinta ne. In ta tsufa ta miƙa wa matar ɗanta. Haka muka tarar, kuma ba a taɓa zaman shari'a a kai ba, don ba wanda ya taɓa tunanin akwai abin tambaya. Ko da surukina ya rasu aka raba gonar tsakanin mijina da ƙanensa, ɓangaren da itatuwan suke ya faɗa rabon ƙanen. Maza suka auna ƙasa, suka kafa duwatsu, suka shafa fatiha. Ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama. Na ci gaba da cin ɗorawata. Matar ƙanen mijin nawa ƙosai take soyawa, ita ko warin daddawa ba ta so.

Wanda bai taɓa yin daddawa ba yana tsammanin ruɓa ce kawai, ka jiƙa abu ka bar shi ya yi ɗoyi. To ya gwada. In bazara ta yi zafi 'ya'yan suka bushe a sama, sai a kakkaɓo da ƙugiya mai doguwar gora, wuyanki ya ƙage saboda kallon sama. A ɓare, a ware ɓawon don makubar daɓe, a daka a fitar da garin don yara da kunu, a wanke kalwar a rafi. Kalwa kuwa dutse ce, sai ta sha wuta har itacen girkinki ya yi rabi kafin ta yarda. A surfa ta da toka, a sake wankewa, a sake dafawa, sannan a zuba a ƙwarya a lulluɓe da ganye a kai ɗaki mai ɗumi. A nan ake gane mace. Ki buɗe da wuri ta ƙi kamawa, ki makara ta zarce ta yi ɗaci. Ba agogo, hanci ne. Ni daga ƙofar ɗaki nake sanin ta nuna.

Ba yabon kai nake ba, gaskiya ce: daddawata daga Saminaka ake aiko saye. Masu tuwon kasuwa a Birnin Gwari in sun hango ni da kwando sai su fara rigimar wacce za ta riga. Baƙa wuluk, mai maiƙo, guda ɗaya ta ishi tukunyar kukar gida guda.

Abin da ta yi mini kuwa, shi ne dalilin duk wannan magana. Tun da na kama sana'ar ban ƙara tsayawa a ƙofar turakar mijina ina murza hannu don gishiri ko sabulu ba. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma ko mutumin kirki in kullum kina miƙa masa hannu, akwai ranar da zai dube ki kafin ya ba ki, wannan duban kuwa ya fi hanawa ciwo. Daddawa ta zama akuya, akuya ta zama tunkiya, na yi wa 'ya'yana mata kwanonin ɗaki ba tare da an sayar da damin dawa ko ɗaya ba. Ranar da 'yata ta biyu naƙuda ta zo mata a gicciye, ungozoma ta fito tana girgiza kai, maza suna zaune a tabarma suna shawarar ko a jira zuwa la'asar, ko a nemo rubutu tukuna. Ban shiga shawararsu ba. Na kwance tumakina biyu na ja su gidan mahauci, na aika aka tare wata motar da ta zo ɗaukar masara, muka shimfiɗa ta a kan buhuna har asibitin cikin gari. Tana nan da ranta, ɗan da ta haifa ran nan yanzu gemu gare shi. Da izni zan tsaya nema, da wani labarin nake ba ku. Daga ran nan in ana shawara a gidanmu, mijina kan ce, "A kira ta a ji."

Sai 'yan daji suka zo. Ba zan tsaya a kan wannan ba, duk wanda ke ƙasar nan yana da nasa labarin, wasu ma ya fi nawa muni. Ɗana na fari, wanda ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, a gona suka same shi. Ya bar mata da yara uku. Muka kwashe abin da hannu zai iya ɗauka muka yo cikin gari, mu da rabin ƙauyen. Mijina bai daɗe ba a nan, zaman ɗakin haya ya cinye shi. Muka rage ni da surukata, matar ɗana marigayi, da marayunta a ɗaki guda, ƙanen mijina da iyalinsa a ɗakin da ke kallonmu. Shi ne namijin gidan yanzu.

Iyayen yarinyar sun so ta koma gida bayan takaba. Ta ce ba za ta raba yara da dangin ubansu ba, ba kuma za ta tafi ta bar su ba. Na ce to zauna, amma ba zaman jiran kwano za ki yi ba. Na fara koya mata daddawa da 'yar kalwar da muke saye a kasuwa. Kalwar kasuwa tsada gare ta, in kin gama wahala abin da zai rage miki bai fi na gishiri ba. Shi ya sa matan gari suka koma yin ta waken suya, fara fat kamar marar lafiya, suna kiranta daddawa ba kunya. Na hana surukata. Na ce mu masu itace ne, ki yi haƙuri, ranar da daji ya lafa itatuwanmu suna nan, ba su gudu ba.

Hannunta ya faɗa da wuri. Ta farko ta ɓata, ta zauna tana kuka a bakin murhu, na ce tashi ki zubar wa kaji, tawa ta farko ko kaji ƙin ci suka yi. Kafin shekara ta zagayo sai da na daina shiga ɗakin in duba mata.

Da abin ya ɗan lafa, maza suka fara komawa gona da rana su dawo kafin magariba. Duk wanda ya dawo sai na tambaye shi ɗorawa. Aka ce sun yi fure jajir. Aka ce sun zubo 'ya'ya har rassa na rinjaya, shekarun da ba a taɓa su ba kamar sun huta ne. Na sa aka gyara ƙugiya, na ari babbar tukunya. Na ce wa surukata, "Bana da kalwarki za ki yi."

Wata safiya aminiyata ta shigo. Bagwariya ce, 'yar coci, gonarsu ce ke iyaka da tamu, tare muka yi ta kakkaɓa tun muna da goyo. Ba ta zauna ba, ba ta karɓi ruwa ba. Ta ce, "Ƙawa, jiya na bi mai gidana gona. Tagwayenki suna ƙasa." Na ce iska ce? Ta ce, "Wace iska. Inji ne. Masu tsaga katako."

Na samu mai babur na ce ya kai ni. Ya dube ni ya ce, "Iya, hanyar nan ko matasa tana karya musu baya." Na ce bayan nawa ne. Muka je. Abin da na gani, kututture biyu farare, garin katako ya rufe ƙasa, an jera falankai a gefe ana jiran mota. Rassan kuwa an watsar da su nan da can, ɗauke da 'ya'ya kore shar, ɗanyu, ko akuya ba za ta amfana ba. Da sun ƙara ɗan haƙuri da sun bushe. Ko wannan ba su jira ba. Na je wurin ta bakin rafi da tsohuwa ta kan iyaka, na ga an sassare su da gatari a gindi, alamar su ne na gaba.

Na dawo na tarar da ƙanen mijina a ƙofar gida yana alwala. Tsakaninmu da wasa, tun yana yaro yake ce mini matarsa, ni na yi masa wankin kaya kafin ya yi aure. Ya hango ni ya fara murmushi. "A'a, matata, daga ina haka duk kin yi buɗu-buɗu?"

Na ce, "Daga makabarta. Wa ya sayar da ɗorawata?"

Ya ajiye butar. "Yaya, shiga ciki mu yi magana."

"A nan za mu yi."

Ya ce babur zai saya. Nasa 'yan daji sun ƙwace, shanun huɗa sun tafi, taki ya gagara, yana da baki goma sha a kansa har da mu. In ya samu babur zai yi acaɓa, kowa ya ci. Duk gaskiya ne, ban ce ƙarya yake ba, na ga yadda ya rame. Na ce to me ya hana ka zo ka tambaye ni? Sai ya buɗe baki ya ce, "Yaya, a gonata suke. Ci aka ba ki, ba itace ba."

Na daɗe ina dubansa. Yaron nan da kunun garin ɗorawar nan aka raine shi. Wandon da ya sa ranar ɗaurin aurensa, uwarsa da daddawa ta ɗinka masa. Na ce, "To in ka sare itacen, a ina zan ci? A jikin falanki?"

Ya ce, "Ke kin tsufa, hutawa ya kamace ki. Yarinyar nan kuma ni zan riƙa ciyar da ita da yaranta, ba za su kwana da yunwa ba in ina numfashi. In ma sana'a take so, sai in saro mata garin sabulu ta riƙa ƙullawa a leda. 'Yar sana'ar mata ai ba ta gagara."

'Yar sana'ar mata. Wannan kalmar ce ta ƙona ni fiye da injin. Babur sana'a ne, abin da ya riƙe gidan nan tun kakarsa kuwa 'yar sana'a. Babur ɗin da za a iya tarewa a ƙwace gobe a kan hanya, wanda in ya daɗe ya yi 'yan shekaru ya zama tarkacen bayan gida, shi za a canza da itacen da ya ciyar da mata uku a jere bai taɓa neman fetur ba. Kuma a mai da yarinya mai hannu, wadda ta iya abinta, ta koma zaman sauraron ƙarar babur da yamma, ta ji ko yau an samo ko ba a samo ba. Na san wannan ciyarwar. Shekarar farko da fara'a, ta biyu da tsaki, ta uku a fara cewa ai gara ta yi aure ta rage mana nauyi.

Na ce mu je gaban mai unguwa. Shi ma gudun hijirar yake, a wata rumfar kwano bayan masallaci yake zama da dattawan ƙauyenmu. Na tafi da aminiyata don shaida, surukata na biye da mu. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ƙara na kawo." Na faɗi komai. Ƙanen mijina ya faɗi nasa, ya sake maimaita maganarsa ta ci da itace, har wasu na gyaɗa kai.

Aminiyata ta ce, "Ranka ya daɗe, mu ma haka yake a wurinmu. Ni na ga ranar da tsohuwar ta dafa itatuwan ta ba ta. In ci ba komai ba ne, me ya sa duk shekarun nan ba namijin da ya taɓa sa ƙugiya?" Wani dattijo ya ce ai don maza ba su da lokacin ɗorawa ne. Ta ce, "Yanzu da inji ya zo kun samu lokaci." Aka yi dariya, ban da ni.

Mai unguwa ya ja carbinsa. Ya ce tun da yake bai taɓa jin an kawo irin wannan ba, don a da ba mai sayen ɗorawa a tsaye. Ya ce itace na mai ƙasa ne, wannan ba musu. Amma ci ma hakki ne, uwarsa ta ci, ya san abin da ake nufi, kuma ba a sayar da abu da hakkin wani a kansa. Waɗanda suka faɗi sun faɗi, a yi haƙuri. Biyun da suka rage, ba mai taɓa su muddin ina raye.

Na ce, "Ranka ya daɗe, muddin ina raye? Ai ci ba ya mutuwa da mai shi. Ga matar ɗana nan, a gabanku na ba ta ci, yadda aka ba ni."

Nan fa suka haɗa kai. Wannan ya ce ai mijinta ya rasu. Wancan ya ce yarinya ce, gobe wani zai aure ta ya kai ta wani gari, a ce ɗorawar gidan wane tana ciyar da gidan wani? Mai unguwa ya ce, "Iya, ci na matar gida ne. Bazawara ba a san inda za ta kwana baɗi ba." Tana tsugune a bayana tana ji. Yarinyar da ta ƙi komawa gidan ubanta, ta zauna a ɗakin haya tana goyon jikokinsu, ita ce ba matar gida ba. Mijinta bai sake ta ba, a gonarsu aka kashe shi yana noma musu. Na faɗa musu haka, da muryar da ban taɓa yi a gaban maza ba. Suka sunkuyar da kai, amma ba su canza ba. Aka shafa fatiha.

A hanya ta ce mini, "Inna, ki bar shi haka, kin yi iyakar yinki." Na ce ban yi ba tukuna.

Da 'ya'yan ɗorawar suka bushe muka je mu uku, da ni da ita da aminiyata, muna kakkaɓa muna kasa kunne ko za a ji ƙarar babura daga daji. Ni dai tsinta nake, wuyana ya daina yarda da ƙugiya. Itace biyu ba huɗu ba ne, amma kalwarmu ce, ba mu saya ba. Ta yi daddawa, masu tuwon kasuwa suka ɗanɗana suka ce tsohuwa ta dawo. Na ce ba ni ba ce, ga mai ita nan, ku san fuskarta. Yanzu ita ke kai musu da kanta. Ta sa babban ɗanta a makaranta, ta ɗaure akuya a bayan ɗaki. Ranar da ƙaramin ya yi zazzaɓi ba ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, ta saɓa shi sai kemis.

Akwai wani ɗan fili wajen Saminaka, bai kai a kira shi gona ba, tsakuwa ce rabinsa, amma da matashiyar ɗorawa a ciki da ta fara haihuwa. Mai shi ya ce zai sayar. Na ce mata wannan za ki saya, ƙasar da itacen gaba ɗaya, a gaban shaidu, da bakinki, kada ki yarda kowa ya ce miki ci. Ba ta kai ba tukuna. Sai ta ƙara kakar ɗorawa, wataƙila biyu, wataƙila fiye, in akuyar ta yi kirki, in daji bai sake rufewa ba. Iyakar abin da ake nema a wurina shi ne in kai lokacin.

Ƙanen mijina ya sayi babur ɗinsa, na hannu, da kuɗin tagwaye. Ba mu gaba, yana shigowa gaisuwa kullum da safe, abin da da can sai ya ga dama. Ban ce yana nufina da sharri ba, amma na lura gaisuwar ta yi tsawo. Shekaranjiya ya tsuguna ya ce, "Yaya, an tashi lafiya? Jiya na ji kamar kina tari."

Na ce, "Barkono ake dakawa a maƙwabta."

"Ƙafar fa?"

"Da ita na je kasuwa na dawo. In ka ga mai inji ka ce ina gaishe shi, ya nemi wani aikin kafin nan."

Ya yi dariya ya ce ni dai ba na canzawa, ya fita yana tura babur ɗin don ya ƙi tashi. Na kira surukata na ce ta ɗumama mini sauran tuwon jiya, ta ƙara man shanu, kuma ta karɓo mini maganin tarin nan a kemis, ta bi ta ƙofar baya.